Baitin da Inna ta Ƙara

Tun da aka fara mulki a bayan ƙasa, ban san wata doka da aka yi wa biyayya kamar yadda mutanen Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse a Makka, suka yi wa baiti ɗaya na kakarku ba. Na karanta tarihin daulolin da suka shuɗe gwargwadon abin da albashin malamin nahawu zai iya saya, na ga sarakuna sun hana abu da takobi, talakawa sun ci gaba da yin abinsu ta bayan gida. Inna kuwa da ƙwarya da 'yan sanduna biyu ta rufe ƙofofin unguwa guda, kowace shekara, a ranar da ta fi kowace rana daraja, ba ɗan sanda ba tara. Abin da ya sa nake rubuta wannan babi shi ne maganar da kuke yi idan na tashi daga falo. Da Larabci kuke yinta don kuna zaton tsufa ya ci kunnena, kun manta ni na koya wa rabinku harshen. Wai Baba ne ya hana Inna waƙa, shi ya dame ta da wa'azi har ta rabar da ƙorenta, ta mutu bakinta a rufe. Ban hana ta ba. Wanda ya san Inna ya san ban isa ba. Ita ce ta ce kada in faɗi abin da ya faru tana raye. Yanzu ta kwanta dama, gidan ma an rushe shi mun dawo unguwar Rusaifa, sai ku ji.

Labarin Mai Tambaya a bakin kakana Malam Dogo na fara jinsa, shi da ya zo ƙasar nan da ƙafa ta Chadi da Sudan. Ya ce wata mata ce daga wajen Damagaram, ta fito aikin hajji tana da ƙarfinta, ta tsufa a hanya, tana tsintar auduga a gonakin mutane tana tara kuɗin jirgin ruwa. Ta iso gindin dutsenmu ba lafiya, daidai lokacin da alhazai ke fita. Aka kwantar da ita a wata bukka. Duk farkawar da za ta yi sai ta ce, "An tafi Arfa?" masu jinya kuma don tausayi su ce mata, "Ba a tafi ba tukuna, Iya, ki huta." A haka ta cika, ranar Arfa, da tsakar rana. Tun daga nan, in ji Malam Dogo, idan ranar ta zagayo unguwa ta yi tsit, akan ji jan ƙafa a kan matakala, a ji tambayar. A bakinsa ba ta taɓa cutar da kowa ba. Mata kan ajiye kofin ruwa a bakin ƙofa, wadda ta ji tambaya ta ba da amsar da aka saba, shi ke nan. Fatalwa ce mai ladabi. Kuma kafin waninku ya ce Baba ya fara ruɗewa, na san wanda ya mutu ba ya dawowa, na karantar da haka, har gobe kuma a kai nake.

Inna zabiya ce, ba a biki a Nakkasa ko Hindawiyya a ce ya yi armashi ba ta kifa ƙwarya a ruwa ba. Ita ta ɗauki wannan labari ta mayar da shi waƙa, kuma ina zaune a tsakar gida, lokacin ina ɗalibi, ta yi masa ɗinki tana wanke shinkafa. Ta ɗauke matar daga Damagaram ta kai ta Katsina, don Damagaram ta ƙi zama a kan kiɗa. Ta cire mata ido ɗaya saboda amshi. Sannan ta ƙara abin da babu shi a ko'ina:

Iya mai tambaya, ƙafa ta kumbura,
Ido ɗaya ta taho da shi tun Katsina.
Ku rufe baki, mata, ku rufe ƙofa,
Mai amsa mata ba ya ganin Arfar baɗi.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ustazu take ce mini, ba kuma don girmamawa ba.

"Inna, wannan na ƙarshen a ina kika ji shi?"

"A inda ake jin waƙa."

"Malam Dogo bai taɓa cewa tana kisa ba."

"Malam Dogo bai taɓa tsayawa gaban mata cike da gida suna cin shinkafa suna hira ba. Kai Ustazu, fatalwar da ba ta yin komai, wa zai ajiye cokali dominta?"

"To idon fa? Biyu Allah Ya ba ta."

"Na bar mata ɗaya. Ya ishe ta hawan dutse."

An ajiye cokali kuwa. Waƙar ta shiga kaset, daga baya ta shiga waya, 'yan matan da ba sa iya gaishe ni da Hausa ma sun haddace ta. Ba a yi shekaru da yawa ba kofunan ruwa suka ɓace daga bakin ƙofofi. Ranar Arfa, da rana ta take, kowa sai ya sa sakata. Aka fara kawo hujjoji: ai wani tsoho a layin sama ya amsa, bai ga baɗi ba. Tsohon nan ya kusa shekara ɗari, kuma ciwon ƙoda ke cinsa, amma wa zai tsaya jin wannan. Na taɓa jin wata mata ta rantse a gaban Inna cewa kakarta tana yi musu wannan baitin tun suna Sudan. Inna ta yi dariya ranar. Na lura dai a hankali dariyar tana raguwa, kamar mai kiwon ɗan kwikwiyo da ya wayi gari ya ga abin ya fara kama da kura.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda gwiwata ta hana ni zuwa yi wa alhazai tafinta. Duk kuna Mina, masu tura keken tsofaffi da masu aikin mayanka, mahaifiyarku ma ta tafi da tukwanenta. Mu uku muka rage: ni, da Inna, da Hindatu matar babban wanku, tana da tsohon ciki. Hindatu daga Maraɗi aka kawo ta, shekararta ɗaya a gidan, ta san waƙar, amma a matsayin waƙa. Ku da kullum kuke wajen aiki ranar Arfa ba ku san yadda Nakkasa take zama ba. Unguwar da ko da asuba sai ka ɗaga murya a ji ka, ranar sai ta koma kamar an kwashe mutanen da cokali. Shaguna a rufe, ba yaro a lungu, kyanwoyi sun shige ƙarƙashin tankunan ruwa. Ba ka jin komai sai gunjin mukayyif mai sanyaya ɗaki da talabijin na gidaje, duk tasha ɗaya, ana nuno dutsen Arfa fari fat da mutane. Zafin shekarar kuwa, ƙofarmu ta ƙarfe idan ka ɗora mata ƙwai zai soyu.

Bayan azahar kaɗan, ina kishingiɗe da azumi a bakina, na ji an buga wata ƙofa can ƙasa. Ba bugun mai gaggawa ba ne, bugun tafin hannu ne a hankali. Sai talabijin ɗin gidan ya yi shiru. Can sai jan ƙafa a kan matakala, silifa ɗaya tana ja ɗaya tana bi. Aka buga ƙofa ta gaba. Nan ma talabijin ya mutu. Na san kowane gida a layin nan, na san akwai mata a ciki, har na san wadda ke riƙe da bakin ɗanta a lokacin. Shirun yana hawowa gida gida, yana matso mu, kamar ruwa yana cika rijiya. Na duba Inna na ga carbinta ya tsaya a hannu. Ni na kashe namu talabijin ɗin. Na gaya wa kaina don in ji da kyau ne.

Aka buga tamu. Muryar tsohuwa ce, busasshiya, da Hausa tsantsa wadda ba ta taɓa shan ruwan Larabci ba.

"An tafi Arfa?"

Hindatu ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafi. Inna, wadda sai an kama ta take tashi, ban ga lokacin da ta tsallake tsakar ɗakin ba. Sai ganinta na yi ta riƙe yarinyar nan a wuyan hannu.

"Ke zauna. Ba ke kaɗai ba ce a jikin nan."

Na lallaɓa na sa ido a tsagar da ke wajen ƙyauren. Fararen kaya na fara gani, sun yi ja da ƙura. Sai ƙafafu, sun kumbura har igiyar silifa ta nutse a ciki. Ta ɗago fuska daidai inda nake kamar ta san ina nan. Idon hagu fari ne sol, ba baƙi ko ɗigo. Na san yanar ido ba abin mamaki ba ce a wurin tsofaffinmu, na raka da yawa asibiti. Sanin nan bai amfane ni da komai ba. Na ja da baya, na yi magana ƙasa ƙasa.

"Inna, ke fa kika yi baitin nan. Ina zaune, kina wanke shinkafa."

"Na san ni na yi," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Abin da ban sani ba, wa ya sa mini shi a baki."

Aka sake tambayar. Sai muka ji wani abu yana zamewa a jikin ƙofa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, ƙarfen yana ƙara. Da tambayar ta sake zuwa, daga ƙasa ta zo, ta ƙarƙashin ƙofa, inda iska ke shigowa.

"Baba, mutum ce," in ji Hindatu. "Kuna jin numfashinta. Ƙofar nan wuta ce, ta jingina da ita."

Hindatu ta dubi Inna, ta dube ni.

"Ni dai a gidanmu ba a koya mini tsohuwa ta yi tambaya in yi shiru ba. In ta mutu a ƙofarmu, yau, me za mu ce wa Allah?"

Ta juya wajen ƙofa ta ja numfashi. Na ga za ta amsa, na kuma ga cikin da ke gabanta. Na buɗe baki in riga ta, da dukan hujjojina a jere, harshena ya manne a dasashi. Na daɗe ina ɗora laifin a kan azumi. Inna ta sa tafin hannu ta toshe bakin Hindatu, ta ɗaga kai, ta fito da muryar nan tata da ake ji daga wannan dutse zuwa wancan. Ba ta kuma yi ƙaryar da aka saba yi don tausayi ba.

"An tafi, 'yar'uwa. Tun safe aka tafi. Shigo ki sha ruwa."

Sannan ta dube ni. "Buɗe, Ustazu. An riga an biya."

Na zare sakata, matar ta faɗo mini a ƙafa. Tana da nauyi, jikinta kamar garwashi, tana warin man zafi da tafiya. A hannunta akwai abin nan na roba da ake ɗaura wa alhazai, a wuyanta 'yar jaka. Alhajiya ce da ayarinta ya tafi ya bar ta a masauki, ta farka ba kowa, ta fito nema rana ta buge ta. Yadda ta hawo dutsenmu, Allah masani, ni dai na ce ƙanshin daddawa ta biyo. Hindatu ta jiƙa zane ta lulluɓe ta, Inna ta tallafo kanta tana ɗura mata ruwa da cokali. Tana haɗiya, tana kafe Inna da idon nan ɗaya, tana cewa, "An tafi Arfa?" Inna ta sake amsawa, ta sake. Kowace amsa sai in ji kamar ana ƙara sa hannu a kan takardar da aka riga aka hatimce.

"Me aka rubuta a jakar?" in ji Inna.

"Sunanta ne."

"Sai me?"

"Sai jiharsu."

"Karanta mini, ai don haka aka kai ka makaranta."

Na ce mata Katsina. Na ƙara da cewa Katsinawa jirgi jirgi suke zuwa kowace shekara, ba abin a tsaya tunani ba ne. Ta gyaɗa kai kawai.

Na kira Bala direba daga Hindawiyya. Da yake mota ba ta hawa layinmu, a bargo muka sauko da ita ni da shi, ina ɗingishi, ƙofofi suna buɗewa kamar faɗin yatsa suna rufewa. Ya kai ta inda ake tattara alhazan da suka ɓata, su kuma suka sa ta a motar asibiti. Kafin rana ta faɗi tana Arfa. Hajjinta ya yi. A nan ya kamata labarin ya ƙare.

Bayan salla Inna ta kira 'yan amshinta ta raba musu ƙoren, har da babbar nan da aka kawo mata daga Zinder wadda ko taɓawa ba ta bari a yi. Ta aika aka sayo likkafani aka wanke da zamzam. Ta bi gida gida tana neman gafara, har wajen matan da ta yi wa habaici a waƙa tun kafin a haife ku. Da Hindatu ta sauka lafiya, ranar suna mata suka cika gida suna roƙo, ta ce mai shirin tafiya ba ya kiɗa. Hayaniyar da kuka riƙa ji daga ɗakinta kuna cewa Baba na wa'azi, roƙonta nake ta yi waƙa. Na kawo mata aya, na kawo hadisi, na ce ajali ba ya karɓar umarni daga ƙwarya.

"Duk na yarda," takan ce. "To kai me ya hana ka amsawa?"

Ban taɓa rayuwa a shekara mai tsawon wannan ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa gaishe ta fiye da kima, suna kallonta yadda ake kallon kalanda. Idan ta yi tari a ɗaki sai cokali ya tsaya a hannuna. Idan ta kwanta ƙailula sai in sami kaina tsaye a bakin labule ina sauraron numfashi, in ya jinkirta in yi gyaran murya don ta motsa. Na kai ta asibiti a kan abin da bai kai ciwon kai ba, har likitan ya ce ni ya kamata a auna. A Rajab zazzaɓi ya kwantar da ita, ta daina cin abinci, ta kira ni ta gaya mini wanda za ta so ya yi mata salla. A lokacin na tsaya gaban ɗalibai ina bayanin mubtada'i da habari a darasin nahawu, baitin nan yana kaɗawa a kaina da amshinsa. Ta tashi. Azumi ya zo ya wuce. Alhazai suka fara sauka, garin ya cika, ni kuwa kowane farin kaya na gani a lungu sai in sauya hanya. Na ƙi karɓar aikin tafinta a shekarar, na ce gwiwa ce, alhali gwiwar ta warke.

Ranar Arfa ta yi wanka tun safe, ta sa kaya masu tsabta, ta sa aka ajiye mata kujera tana fuskantar ƙofa. Haka muka wuni, ba mai magana, jaririn ma kamar an gargaɗe shi. Duk motsin kyanwa a matakala sai mu dubi juna. Ba wanda ya buga. Inuwa ta tsallake tsakar gida ta hau bango. Da aka kira magariba ta karɓi dabino ta tauna a hankali, ta tofar da ƙwallon a hannu, ta daɗe tana kallonsa.

"Ustazu, ashe ƙarya na yi."

"Tun yaushe nake gaya miki."

"Na amsa mata, ta ji ni da kunnenta, ga ni ina cin dabino. Ƙarya ce tsagwaronta." Ban taɓa ganin wanda ya kama kansa da ƙarya ya yi farin ciki irin haka ba. Ta yi dariya har da hawaye. "Aika a karɓo mini ƙorena. Zan yi waƙar nan a gaban kowa in cire baitin da bakina, a mayar wa baiwar Allah ruwanta a bakin ƙofa."

Aka sa ranar bayan an gama jifa, kafin ku dawo daga kwashe kaya a Mina. Da la'asar mata sun fara taruwa, an cika baho da ruwa, an kifa babbar ƙwarya, Inna tana gwada sanduna, sai Bala direba ya yi sallama da baƙo. Wani magidanci ne da sabon aski, ɗan alhajiyar nan ta bara, ya zo nasa hajjin, ya bi sawu har ya gano wanda ya kai ta. Ya durƙusa a zaure ya ajiye kuka da kilishi, ya ce tsohuwa tana nan lafiya, ta ce a gaishe da mutanen gidan da suka ba ta ruwa. Inna ta fito da sandunan a hannu, fuskarta kamar ranar salla. Abin da mutumin nan ya faɗa shi ya mayar da ƙoren cikin buhu har ta bar duniya, ba ni ba.

"Ni ce na amsa mata," in ji Inna. "Unguwar nan kaf aka yi shiru, ni na ce mata an tafi. Ta ba ku labari?"

Ya dube ni, ya dubi Bala, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Ai Hajiya kurma ce, Inna. Tun sanƙarau da ta yi tana budurwa, ko tsawa ba ta ji."